Shawarwari kan Sha'awar Ƴan Mata ga Rubuta Manhajar Kwamfuta

A wata tattaunawa da malamai, iyaye da ɗalibai mata suka yi a Maraɗi, an fi tsayawa kan tambaya guda: me ke sa yarinya ta fara koyon rubuta manhaja da ɗoki, sannan ta watsar?

Amsar da ta rinjaya ita ce, ana cika ta da ƙa'idoji tun kafin ta ga amfanin aikin. Malamai suka ce a bar ta ta rubuta ƙaramar manhajar da za ta lissafa adashen mahaifiyarta ko ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, domin ranar da lissafi ya fito daidai bisa umarnin da ta rubuta da hannunta, ranar ce sha'awa take kafuwa. Ga ƙanana an ambaci Scratch, harshen rubuta manhaja inda ake jera umarni kamar tubali. Ga manya kuwa harshen Python, saboda sauƙin karanta shi. Ɗalibai suka ƙara da cewa a riƙa zama bibbiyu kan kwamfuta ɗaya, tunda na'urori ba su wadata ba, kuma gano kuskure tare ya fi sauri.

An kuma nemi a sanar da ƴan matan cewa mata shida ne suka fara rubuta umarnin aiki na ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, a Amurka a 1945.

A ganina, abin da aka roƙi iyaye shi ya fi nauyi: su rage wa yarinya aikin gida ko da na awa guda, a kammala darasi kafin magariba, sannan a sauke darussa a waya tun da wuri saboda tsadar intanet da ɗaukewar wuta.