Gilashin wasan nan na sa ni jiri, me zan yi?

Direban Jidda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi na'urar VR ta hannu, wadda ake ɗaurawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin wasan, bayan na daɗe ina tara riyal, uwargida ma ba ta so ba. Da na shiga wasan tseren mota sai gumi, hamma, zuciya na tashi. Ni da nake kan hanyar Makka kullum, mota ba ta taɓa juya min ciki ba. Ko lalatacciya aka sayar min?

Injiniya Misfala: Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau. Can cikin kunne akwai ƙananan bututu uku masu ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Ido na cewa ka sha kwana, kunne na cewa kana zaune a tabarma, sai rikici. A mota kuwa bakinsu ɗaya. Ba ka faɗi samfurin ba. In Quest 2 ce, tazarar madubanta matakai uku ne: milimita 58, 63, 68. Tura su da yatsa har rubutu ya fito tsaf. Hoton kuma ya riƙa sabuntawa sau 90 a daƙiƙa, ba 72 ba. Ajiye tseren mota tukuna. A wasu wasannin ka zaɓi juyi na tsalle, wato hoton ya juya digiri 45 a lokaci guda maimakon a hankali, ka kunna duhun da ke rufe gefen ido lokacin tafiya. Minti goma, ka cire. Hamma ko yawu ya taru, ka cire nan take. Daurewa ƙara jirin take.

Hajiya Madina: Ɗana, tauna ɗanyar citta, ka sa fanka ta riƙa bugun fuskarka. Masu shaguna dai su karɓi kuɗi, ba mai nuna wa mutum saiti.

Abu Zainab: Ƙwayar maganin tashin zuciyar tafiya kawai, minti 30 kafin wasa.

Injiniya Misfala: Direba za ka ba ƙwaya? Tana sa barci, Malam. Ko ba ƙwaya ma, kada ya kama sitiyari sai jirin ya washe sarai.

Direban Jidda: Injiniya, don tseren motar fa na saye ta. Minti goma ai ko zagaye biyu ba a gama ba.

Abu Zainab: To sayar da ita.

Direban Jidda: Nawa za su saya?