Katifar "memori": wane suna za mu raɗa mata?

1/ Jiya na raka Gwaggo Kasuwar Sabon Gari haɗa kayan ɗakin ƙanwata. Mai shago ya danna tafin hannunsa a kan wata katifa, ya ɗaga, shatar yatsunsa biyar ta tsaya, sannan ta cike a hankali. Ya ce, "Hajiya, wannan memori fom ce." Gwaggo ta juyo gare ni: "Kai ɗan boko, me sunanta da Hausa?" Na yi tsuru-tsuru.

2/ Fom dai mai sauƙi ne. Kumfa ta sabulu ce, mu soso muke cewa, shi ya sa ake da katifar soso kamar yadda ake da ta rimi da ta auduga. Memorin ne ƙashin wuya. Ka ce "soso mai tunani" a kasuwa ka sha dariya. Soson ba ya tuna komai, jinkirin tasowa kawai yake yi.

3/ A 1966 aka ƙirƙiro shi a Amurka, a wani aiki na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, don kujerun jirgin sama, sai a 1991 wani kamfani a Suwidin ya fito da katifar Tempur. Ɗumin jiki da nauyi ke sa shi laushi, ya shige daidai kafaɗa da ƙugu, ya raba nauyin mutum. A nan ya kamata mu nemo sunan, a aikinsa.

4/ Wani ya ce "soson danƙo". Ban yarda ba. Danƙo da ka sake shi yake komawa nan take, kuma akwai katifar da ake yi da ƙaron itacen roba, ita ta fi cancantar wannan suna. Wata ta kawo "lotsa-ka-taso", a kan ginin faɗi-ka-mutu. Wallahi ya yi min daɗi a baki. Amma a wajen 'yan katifa, "ta lotsa" zagi ne, ma'anarsa katifa ta mutu. Wa zai sa wa hajarsa wannan?

5/ Nawa zaɓin: bi-jiki. Katifar bi-jiki, matashin bi-jiki. Gajere ne, ya hau ginin da muka saba, irin su bi-bango, kuma ya faɗi abin da soson ke yi.

6/ Sai siririyar nan mai inci 2 zuwa 4 da ake ɗorawa a kan tsohuwar katifa. Ba zanin gado ba ce, ba rigar katifa ba. Gwaggo ce ta yanke: "Ai goyo ce." Goyon katifa, shi ke nan. Sai dai uwar ta kasance da ƙwarinta, don in ta riga ta yi rami, goyon ramin zai bi.

7/ Mai saye ya lura, bi-jiki tana riƙe zafi. A watan Afrilu, Kano na haura maki 40, in aka ɗauke wuta sai ka ji kamar an rungume ka. Da hunturu kuma takan ɗan yi tauri kafin ta ji ɗuminka. Kada kauri ya ruɗe ka, ka tambayi nauyin soson, mai nauyi ya fi jure kwanciya.

8/ Gwaggo dai katifar soso mai tauri ta saya, shida da shida, ta ƙara goyon bi-jiki ɗaya, ta ce amarya ta naɗe shi ta ajiye har sanyi ya shigo. Mai shago ya ce a maimaita masa sunan, ya rubuta a bayan rasit.