Ƙullin nono da aka ce ba daji ba ne, yana rikiɗewa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku da suka wuce, ina wanka na ji ƙulli a nonona na hagu, yana zillewa in na taɓa. An ɗebi ɗan nama da allura, likita ya ce fibroadinoma ne, ba daji ba. Amma yayar mahaifiyata dajin nono ne ajalinta, shi ya sa barci ya ƙaurace min. Yana rikiɗewa?

Anti Nas:
Wa alaikumussalam. Kwantar da hankalinki ƙanwata. Fibroadinoma zalla da ƙullin ruwa kusan ba sa ƙara haɗarin kamuwa da daji. Wanda muke sa wa ido shi ne idan ƙwayoyin halittar sun yawaita kuma siffarsu ta sauya. Wannan yana ninka haɗarin kamar sau 4, a duka nonon biyu, ba inda aka samu ƙullin kawai ba. Duba takardarki, in kin ga kalmar atipiya, wato sunan wannan sauyin siffar ƙwayoyin halittar, koma wurin likita. Maganar innarki kuma, ki faɗa masa.

Uwar Gida:
Nawa shekara 6 ke nan, ko girma bai ƙara ba. Ina dai zuwa dubawa.

Maman Biyu:
Na duba Anti, babu kalmar. Alhamdulillah. Maganar Inna ce ban faɗa masa ba, kunya ta hana ni. Ranar Litinin zan koma in sha Allahu.