Gona ta yi mana kaɗan, damina kuma ba tabbas

Ɗan Tasawa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Gonar da mahaifinmu ya noma shi kaɗai, yau mu tara muka raba ta, kowa da iyalinsa. Ga ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke, tsiro ya ƙone, a sake. Yawanmu ne ya jawo wannan ƙunci ko sauyin yanayi? Ƙanena har ya fara zancen tafiya Agadas, abin yana hana ni barci.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, ɗan'uwa. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, yanzu sun haura miliyan 25, gona kuwa ba ta haihuwa. Amma ku daina sare toho. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suke barin kututture ya tofo, su rage masa rassa, har aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5. Musamman gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka.

Hajiya Mai Ƙosai: Ɗana, ku nemi irin gero mai saurin nuna, ku haɗa da wake. Ko hatsi ya ƙi, harawa kuɗi ce.

Ɗan Tasawa: Na gode Malam, na gode Hajiya. To masu sare itacen da dare fa, yaya kuke yi da su?