Hutun ga ina za mu kai ɗiya?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku ba ni shawara. Kwana huɗu kacal da yin hutu, ɗiyan ga sun hana ni sakat. Tun da sahe ana kokawa a kan waya, yau har Abdul ya fasa mani fulas. Ina za a kai su a nan Sakkwato su sha iska ba tare da an zubar da kuɗɗi ba? Nawa huɗu, ga na Yaya Hauwa biyu da anka kawo mani.

Nura: Ki kai su gona, taubashiya. Kyauta na, har da ladan noma 😂

Maman Iman: Kai dai ba ka da aikin yi.

Gwaggo Asabe: Wa alaikumus salam. Allah shi shirya muna su.

Yaya Bashar: Hadiza, kahin kowa shi ba ki shawara bari in gaya miki inda ba za ki ba. Da Sallah babba na kwashi biyar, nawa ukku da na maƙwabci biyu, munka tahi wani wurin wasan yara. Ba ni kiran suna. A ƙofa kowane kai ɗari biyar, har da ni da ba lilo za ni hawa ba. Na ɗauka shi ke nan an gama biya. Ashe kuɗɗin ganin lilo na, hawanshi daban. Kowane abu da tikitinshi, doki daban, jirgi daban, katifar iskan nan da suke tsalle a kai daban. Ka biya wa yaro guda, huɗu su tsaya suna kallonka da idanu. Na sayi tikitin jirgi na mutum biyar, muna cikin layi anka ɗauke wuta. Anka ce a yi haƙuri an tahi sayo man janareto. Mun hi awa guda a rana, babu inuwa sai ta wani dogon yaro guda da mata sunka cika. Da nic ce a maido mani kuɗɗina sai yaron yac ce manaja ba shi nan. Ruwan da Maman Sadiq ta ƙulla muna a leda tun a ƙofa sunka hana a shiga da shi, a ciki kuwa lemon kwalba ninki biyu. Auta ta ɓatar da takalminta guda na Sallah cikin katifar iska, har yau ba a gan shi ba. Da nil lissafa da dare, da kuɗɗin mai da komi, dubu ashirin da ɗoriya sun tahi. Abin da yab ba ni haushi, washegari kakarsu ta tambaye su mi kunka gani, dukkansu labarin raƙumin da munka wuce wajen Kara suke ba ta. Babu wanda yat tuna da jirgi.

Nura: Tau ai ka samu amsa. A kai su Kara su wuni da raƙuma.

Aminu: Wallahi ba wasa ba, ranar kasuwa da sahe yara na son wurin. Raƙuma, shanu, jajayen awaki. A dai riƙe hannunsu.

Zainab: Ni dai abin da ke ba ni mamaki, gari guda kamar wannan a ce sai raƙumi za a nuna wa yaro. A Kano da kuɗi kaɗan ka kai su gidan zoo sun wuni.

Nura: An fara. Amarya, kuɗɗin mota zuwa Kano ke za ki biya?

Zainab: Shekarata tara a gidan nan har yanzu amarya?

Nura: Sai ranar da kika daina ce wa ƙwai da ƙwai awara.

Zainab: Abin da babu ƙwai ko ɗaya a cikinsa! Waken suya ne fa. Ku ne dai za ku gyara bakinku.

Kawu Malami: Salamu alaikum. Na ga saƙonni sun taru. Hadiza, tambaya guda: cikin ɗiyanki wa at taɓa shiga Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo?

Maman Iman: Gaskiya babu, Kawu. Ni kaina rabona da wurin tun ina firamare.

Kawu Malami: Tau kin gani. Mutane na tasowa daga Nijar, daga Adamawa, daga ko'ina su zo ziyara, mu muna wucewa ta gaba da kabukabu. Ba a yanka tikiti, sai sadakar da kika yi niyya. Ki kai su da hantsi kahin rana ta yi zahi, a tuɓe takalma, a yi ladabi, a yi addu'a. Kahin ku tahi ki zaunar da su ki gaya musu ko wane ne. Shehu ya baro Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Garin kanshi ɗanshi Muhammadu Bello yak kafa shi a 1809. Ki nuna wa Iman cewa Nana Asma'u ma nan take kusa da mahaihinta, mace wadda tat tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Yarinya in ta ji wanga tana tsaye a wurin, ba daidai da ta ji shi a aji ba. Daga nan ku taka zuwa ƙofar fada da Masallacin Shehu, duk shiya guda ta. Wata rana kuma ku tahi gidan tarihi na Waziri Junaidu, akwai tsohin rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi. Wurin gwamnati na, ku tahi ranar aiki. Sa'ad da nike koyarwa nakan kai ɗalibai, kuma nakan tambaye su mi ya sa anka sa wa filin wasa suna Giginya. Kaɗan ka sanin cewa a nan anka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru. Su dai ƙwallo sunka sani.

Aminu: Kawu ya buɗe aji 🙌

Kawu Malami: Kai ma na tambaye ka wancan karo ba ka sani ba, kana jami'a.

Nura: 😂😂😂

Yaya Bashar: Kawu gaskiya na, amma yaro ɗan shekara huɗu mi ya sani da 1815? Minti goma zai ce shi fura yake so.

Kawu Malami: Sai a saya mishi fura. Ta kai dubu ashirin?

Aminu: Ni shawarata Kwalkwalawa da la'asar. Kullum ta nan nike wucewa zuwa makaranta. Su ga gulbi, su ga masunta da kwalekwale, a sayi soyayyen kihi a dawo.

Safiya: A'a Aminu, ban da yanzu. Don Allah ban da yanzu. Damina ce, Rima ya kawo ruwa, yara shida a hannun mace ɗaya a bakin gada ga motoci ga ruwa? Mu da ke asibiti mun san abin da muke gani duk shekara a irin wannan lokaci, ba gulbi kaɗai ba, har kududdufan unguwa da ramukan da aka ɗebi ƙasa. A bari sai da sanyi ruwa ya ja baya. Kuma duk inda za a je a dawo kafin magariba, sauro ya yi yawa. Masu ƙananan yara in masu rabon maganin zazzaɓin damina sun zo kar a ce ba a gida.

Aminu: Na janye, Anti nas.

Nura: Dam ɗin Goronyo fa? Da can muna zuwa.

Yaya Bashar: Da can ka ce. Hanyar gabas ba ta yawon shan iska da ɗiya ba ta yanzu. A bar maganar.

Gwaggo Asabe: Allah shi kawo muna sauƙi. Ni ban iya dogon rubutu ba, Fa'iza ka rubuta mani. Wai dole sai an hita? Ki samu buhun siminti wanda babu komi, kowane yaro nashi, a cika da ƙasa da takin awaki, a huda ƙasan, a shuka kuɓewa ƙwaya ukku. Ki rubuta sunan kowa a nashi. Cikin kwana biyar ta tsiro, kahin wata biyu ta fara ɗiya. Jikokina bara har faɗa suke a kan wa tashi ta hi tsawo. Da dare kuma a kashe talabijin a kawo su nan in yi musu gatanan gatananku. Mu da dara da langa da carafke munka girma, ko kwabo ba a kashe ba.

Zainab: Gwaggo wannan ta yi. Ina da irin kuɓewa da na alayyafo, duk mai so ya aiko.

Nura: Akuyar Gwaggo na jiran kuɓewar ta tsiro.

Gwaggo Asabe: Ɗan nema. Kai akuyar ta hi ka amfani a gidan ga.

Kawu Malami: Manyan maza biyun, Abdul da na Hauwa, a kai su Makerar Assada su ga yadda ake hura zugazugi ana ƙera hauya. Ko Madunka su ga aikin fata. Yaron da ka fasa fulas hannunshi aiki yake nema.

Maman Iman: Kawu ai sai ya ƙone kanshi.

Kawu Malami: Sau guda zai taɓa.

Yaya Bashar: Tunda an taru, maganar gudummawar bikin Fa'iza fa? Mutum bakwai kaɗai sunka turo.

Nura: Network ɗina ya fara rawa.

Safiya: Na turo tun Talata, Yaya, duba da kyau.

Yaya Bashar: Na gani. Saura Nura da Aminu da mutanen Mabera.

Aminu: Ni ɗalibi na, Yaya.

Yaya Bashar: Ɗalibin da ka cin kihin Kwalkwalawa kullum.

Maman Iman: Jama'a ni fa har yanzu ban ji wanda zai ba mu mota ba. In Hubbaren na, mu bakwai keke napep guda ba ta ɗaukarmu daga Arkilla.

Yaya Bashar: Motar na nan, mai na babu.

Zainab: Ki haɗa da nawa biyu mu raba kuɗin man. Laraba ta yi miki?

Maman Iman: Laraba akwai Islamiyya da sahe, su ba su yi hutu ba. Sai dai Alhamis.

Nura: In za a biya ta Kara ku aje mani wuri.

Gwaggo Asabe: Wanda ad da buhun siminti shi aiko mani da huɗu, nawa akuya ta cinye.