Bot ɗina yana cinye min jari idan kasuwa ta shiga kwan-gaba kwan-baya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Samaru. Na rubuta ɗan bot, wato shirin kwamfuta mai ciniki da kansa, a manhajar ciniki ta MetaTrader 5, yana cinikin EURUSD (Yuro da Dalar Amurka) a jadawalin awa ɗaya. Idan layin matsakaicin farashi na kyandir 20 (kowane kyandir motsin farashi ne na awa ɗaya) ya tsallaka saman na 50 sai ya saya, idan ya faɗo ƙasa sai ya sayar. Ranar da kasuwa ta ɗauki hanya, lafiya lau. Amma in ta tsaya tana kai-komo a wuri ɗaya, layukan sai su yi ta sarƙewa, shi kuma ya shiga ya fita, kowane shiga da 'yar asara. Makon jiya ribar wata guda ta tafi a haka. Yaya zan koya masa ya gane kasuwa ba ta zuwa ko'ina?

Wani daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanena. Sa masa ma'aunin ADX. J. Welles Wilder ne ya fito da shi a 1978, kuma ƙarfin tafiya yake aunawa, ba ruwansa da ko sama ne ko ƙasa. Bar tsawon lissafinsa a kyandir 14 yadda ya zo. In makinsa yana ƙasa da 20, ka ce wa bot ya naɗe hannu. Ya haura 25, ya fara aiki. Tsakanin 20 da 25 ya riƙe matsayin da yake, kada ya riƙa kunnawa da kashewa kamar wutar unguwarmu.

Malamin lissafi daga Kongo: Shawarar ta yi, sai dai ADX na da jinkiri. Kafin ya haura 25, wani lokacin rabin tafiyar ta wuce. Ni na fi son ma'aunin Perry Kaufman. Ɗauki nisan farashin yanzu da na kyandir goma baya, ka raba shi da jimillar duk hawa da saukar da aka yi a tsakani. Misali daga 100 zuwa 102, amma jimillar motsi 20, amsa 0.1 ke nan. Kusa da 1 tafiya ce miƙe, kusa da sifili yawo ne. Kamar wanda ya wuni yana zaga Kasuwar Sabon Gari, ƙafa ta gaji, da yamma kuma ka same shi a bakin ƙofar da ya shigo. Layi biyar ne a MQL5, yaren rubuta bot na MetaTrader 5.

Wata daga Tudun Wada: Duba agogo ma. Da dare a agogonmu, lokacin kasuwar Asiya, EURUSD yawanci barci take. Landan na buɗewa ƙarfe 8 ko 9 na safe gwargwadon canjin agogonsu. Kuma in ka ga layukan Bollinger, masu nuna faɗin motsin farashi, sun matse sosai, shirun nan sau da yawa shi ke gaban fashewa, kada ka kashe bot ɗin gaba ɗaya.

Malamin Kongo ya ƙara: Kada ka yi ta murɗa lambobi har gwajin baya ya yi kyau. Saita su a bayanan shekaru biyu, ka gwada a shekarar da bot bai taɓa gani ba, da ratar farashin saye da sayarwa a lissafi.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Malam, na Kaufman ɗin a nawa zan yanke?

Malamin Kongo: Fara da 0.3 a asusun gwaji, ka kawo mana abin da ka gani bayan wata ɗaya.