Wanzamin Sebiliya na Rossini a kayan zamani: me ke lalacewa?

Binta_Dandamali:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa. Gidajen wasa a Turai sun saba ɗauko Il barbiere di Siviglia, wato Wanzamin Sebiliya na Gioachino Rossini, su cire wa 'yan wasa tufafin ƙarni na 18, su sa musu kwat da wando, su maida gidan Likita Bartolo benen zamani. Wani lokaci abin ya ba da dariya, wani lokaci ya zama shirme. Idan darakta zai yi haka ba tare da ya taɓa kiɗa ko baitin Italiyanci ba, waɗanne wurare ne ke ba shi wahala, kuma ta ina ake farawa?

Malam_Sani_K:
Wa alaikumus salam, Malama Binta. Ana farawa da jera duk wani abu da aka ambata a baiti wanda ɗan wasa zai riƙe a hannu. Cesare Sterbini, wanda ya rubuta baitocin da aka fara rerawa a gidan wasa na Argentina da ke Roma ranar 20 ga Fabrairu 1816, ya ɗora labarin kacokan a kan ƙananan kaya: wasiƙa, takarda, tawada, makulli, tsani.

Ɗauki wurin da Bartolo ke tuhumar Rosina, yarinyar da yake riƙo kuma yake son aura, da rubuta wasiƙa a ɓoye. Ya ga tawada a yatsanta, ya ƙirga takardun da ke kan tebur ya ce shida ne ya bari, yanzu biyar, sannan ya ga an fiƙe alƙalami. Ita kuma ta kawo ƙarya uku, ɗaya ga kowanne: ta ƙone ne ta shafa tawada, takardar alewa ta naɗe da ita, alƙalamin fure ta zana da shi. Da zarar darakta ya ba Rosina wayar hannu, wannan wuri ya mutu, don mai kallo zai ce me ya hana ta tura saƙo. Maganin shi ne a nuna tun kafin ta buɗe baki cewa Bartolo ya ƙwace wayar ya kulle a durowa, makullin kuma na rataye a wuyansa. Da haka wasiƙar hannu ta zama dole, kuma zaluncin tsohon ya fito fili.

Wuri na biyu ya fi wuya. Almaviva, basaraken da ke son Rosina, na shiga gidan da shigar soja mai maye, riƙe da takardar da ta tilasta wa mai gida ya sauke shi, Bartolo kuma ya ɗauko tasa takardar da ta keɓe shi daga wannan doka. Babu irin wannan a birnin yau. Shi ya sa, a ganina, shekarun 1950 a Sifaniya sun fi karɓar wasan fiye da zamanin yau: ga soja ko'ina, ga waliyyi mai iko kan yarinya da dukiyarta, kuma ba wayar aljihu. A ƙarshen kashi na farko, lokacin da 'yan sintiri za su kama shi, ya janye shugabansu gefe ya nuna masa ko shi wane ne, nan take aka ja da baya, kowa ya sandare. Abin da zai nuna sai ya kasance mai kallo na layin ƙarshe ya gane shi cikin daƙiƙa biyu, kamar katin shaida babba, kuma jami'in ya ƙame ya sara masa. Idan ba a gane dalilin sandarewar ba, waƙar da ke biye, wadda aka gina kan mamakin Bartolo, ta tashi a banza.

Hajiya_Rabi_M:
Malam Sani ya yi bayanin kaya, amma ni ina ganin inda aka fi yin ɓarna shi ne cusa barkwanci a kan kiɗa. Rossini ya riga ya rubuta lokacin dariyar a cikin kiɗan. Waƙar Basilio, malamin kiɗan Rosina, kan ƙazafi tana farawa ne da raɗa, ta yi ta hauhawa har ta fashe kamar harbin igwa. In aka sa wani yana faɗuwa daga kujera a tsakiyarta, dariya ta zo da wuri, fashewar ta rasa ƙarfi. Wasan jiki wurinsa zancen da ake rerawa tsakanin waƙoƙi, wanda mai fiyano ke bi, domin a nan ana iya jira. A cikin waƙa kuwa madugun makaɗa ba ya jiran kowa.

Sai numfashi. Waƙar Bartolo ta kashi na farko da ta shigowar Figaro, wanzamin, duk suna da baitoci masu gudun tsiya, mawaƙi kuma ba shi da makirfo. Kar a sa shi hawa bene ko tuƙa babur ana dab da wurin gudun. A gama motsi kafin nan, ya tsaya yana fuskantar zaure, inda zai ga madugu da idonsa ko a ƙaramin allon talabijin da ake ajiyewa a gefen dandamali. Haka ginin da ke bayansa: bangon katako na turo murya gaba, amma labule mai kauri da kafet suna shanye ta. Gidan zamani mai faɗi, marar rufi, yana da kyau a hoto, sai dai muryar Rosina ta ƙasa-ƙasa za ta ɓace a cikinsa.

Sauya zamani ba laifi ba ne. Darakta Jonathan Miller ya ɗauke wata opera ta barkwanci mai suna The Mikado daga Japan ya kai shi otal ɗin bakin teku a Ingila ta shekarun 1930, a Landan a 1986, aka yi ta maimaita shi shekaru da dama. Ya yi nasara ne don ya zaɓi duniya ɗaya ya tsaya a kanta har ƙarshe.

Binta_Dandamali:
Na gode ƙwarai. To wurin askin fa, da tsanin ƙarshe? Su ma ana barinsu yadda suke?

Auwalu_Bayan_Labule:
Ana barinsu, Malama, domin askin da yake yi wa Bartolo ne ke ba Figaro damar sace makullin tagar baranda. Askar ta zama marar kaifi, ko ta roba da aka yi wa fenti. Kumfar kada ta zama ta sabulu mai ruwa, don tana gangarowa baki Bartolo yana tsaka da waƙa, in ta ɗiga ƙasa kuma a yi santsi. A yi amfani da mai kauri, a shafa a kumatu da haɓa, a bar leɓe, a shimfiɗa tabarmar roba ƙarƙashin kujera, a ajiye tawul biyu, jiƙaƙƙe da busasshe. Fashewar kwanuka da Figaro ke yi a ɗakin ciki ana yin ta ne da akwatin katako rufaffe mai fasassun tangaran, mutum ɗaya ya kifar da shi a bayan labule in an ba shi alama. Ƙarar ta zama mai ƙarfi, tunda Bartolo zai dawo yana lissafa faranti shida da kofuna takwas da babban kwanon miya ɗaya.

Tsani kuma, wanda Almaviva da Figaro ke hawa baranda da shi don su gudu da Rosina, dole mai kallo ya ga an jingina shi, ya kuma ga hannun da ya ɗauke shi. Kiɗan hadari da ke gabansa ba waƙa a ciki, nan ne ake rage fitilu a shirya baranda. Barandar ta zama mai ɗaukar mutum uku, da shinge har ƙugu, tsanin kuma da ƙugiya a sama da roba a ƙafa, ko da ma'aikaci zai riƙe shi.

Malam_Sani_K:
Ƙari ɗaya kan fassarar da ake haskawa saman dandamali, wadda aka fara a Toronto a 1983. Kar ta wuce layi biyu, kuma a raba zancen dariya gida biyu, a riƙe rabin ƙarshe sai mawaƙi ya kai wurin, in ba haka ba zaure zai yi dariya shi bai furta ba tukuna. Kada kuma a rubuta "saƙon waya" a allo alhali Rosina takarda take riƙe da ita.